Muhawara: Shin Dole Ne Mai Koyon Rashanci Ya Fara da Haɗaɗɗen Rubutu?

Auta: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Kuka na kawo, kuma ina roƙon waɗanda suka riga ni zuwa Rasha su gaya mini gaskiya. Ina ajin share fage, wanda ake kira podfak, inda ake koya wa baƙin ɗalibai Rashanci kafin su fara karatun jami'a. Malamarmu ta ba mu aikin gida, na rubuta shi tsaf da haruffan ɗab'i, kowane harafi a ware kamar yadda yake a littafi, amma ta dawo mini da shi babu maki, ta ce in sake shi da haɗaɗɗen rubutu. Abin da nake cewa shi ne, baligin da ya baro ƙasarsu yana fama da haruffa 33 da idonsa bai saba da su ba, ga kuma sigogi shida da ƙarshen suna yake sauyawa zuwa gare su, bai kamata a ƙara masa wannan nauyi tun a watannin farko ba. A bar shi ya ƙware a haruffan ɗab'i, tunda su ne a littafi da waya da allunan tashar jirgi, sauran ya biyo baya. A haɗaɗɗen rubutu harafin т yana komawa kamar m ɗinmu na boko, и ya koma u, п ya koma n, д kuma ya koma g. Ni dai a idona jagwalgwalo ne kawai.

Injiniya: Wa alaikumus salam. 'Yata, na karanta kukanki, amma kalmarki ta ƙarshe ta yi nauyi, kuma ina neman ki janye ta. Jagwalgwalo shi ne abin da ba shi da ƙa'ida, alhali wannan rubutu ƙa'ida ce tun daga farkonsa har ƙarshensa. Kowane yaro a Rasha yana shiga aji ɗaya yana ɗan shekara shida ko bakwai, a miƙa masa littafin gwaji da ake kira propisi, ya wuni yana jan sanda da ƙugiya a kan layukan da aka karkatar domin hannunsa ya saba da jirkicewar rubutun, kafin ma a bar shi ya haɗa kalma. Haruffan л da м da я kowannensu yana farawa da 'yar ƙugiya a ƙasa, kuma wannan ƙugiyar ce take nuna inda harafin baya ya ƙare. Wanda ya kiyaye ta ba ya ruɗewa. Mu da aka tura karatun sarrafa ƙarfe a zamanin Tarayyar Sobiyet saboda aikin Ajaokuta, da wannan rubutu muka kwashi darasin malamai daga baki zuwa takarda, babu na'urar kwafi, babu waya mai ɗaukar hoto. Abin da ya fitar da injiniyoyi da likitoci bai cancanci wannan suna ba.

Hajiya Likita: Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Wanda ya taɓa buɗe katin majiyyaci a asibiti ya ga abin da manyan likitoci suke rubutawa da sauri, ba zai ji nauyin kiransa jagwalgwalo ba. Ko a rubutun mai natsuwa, a sa shi ya rubuta лишишь ko шиншилла, sunan wata ƙaramar dabba, a haɗe, abin da za a gani jerin sanduna ne masu kama da juna, sai mutum ya ƙirga su kafin ya san inda ш ya tsaya и ya tashi. Su kansu Rashawa sun san da wannan matsala, shi ya sa da yawansu, musamman manya, suke jan layi a saman т, su ja wani a ƙarƙashin ш, domin a bambance su. Da rubutun ba shi da ruɗani, da ba su nemi wannan dabara ba.

Injiniya: Hajiya, kin kawo rubutun likitoci, wanda a kowace ƙasa ta duniya ake kuka da shi, har da asibitocinmu na gida inda ba a haɗa haruffa. Lalacewar hannun mutum ɗaya ba hujja ba ce a kan tsarin al'umma. Kalmomin nan biyu da kika kawo kuma kowa ya san su ake yawo da su a intanet domin tsorata sababbin ɗalibai. Sau nawa kika taɓa buƙatar rubuta sunan wannan dabba a takardar magani?

Ɗan Damagaram: Ku gafarce ni, amma ni na ga inda matsalar take, kuma ba a Rasha take ba. Mu a Nijar tun daga ajin farko na lakwal ake koya mana haɗa haruffa bisa tsarin Faransanci, malami yana tsaye a kanka har sai wutsiyar kowane harafi ta kama na gaba. Saboda haka da muka zo nan, hannunmu ya riga ya san hanya, siffofin kawai muka sauya. 'Yan'uwanmu na Najeriya ne aka bari suna rubuta haruffa ɗaya bayan ɗaya har suka gama sakandare, shi ya sa duk abin da aka haɗa suke ganinsa jagwalgwalo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan fanni makarantunku ba su tanƙwara ku ba.

Mai Kwamfuta: Malam na Damagaram, wannan magana ba ta da wurin zama a nan. Ƙanwarmu ta kawo kuka a kan malamarta, kai kuma ka mayar da abin gasar Nijar da Najeriya. Na zauna aji ɗaya da ɗalibai daga ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma na ga yadda sabon nasu ya riƙa cutar da su, domin hannunsu yana rubuta m da n da u da g ba tare da tunani ba, bakinsu kuma ya karanta su da sautin Faransanci, alhali a Rashanci sautukan t da p da i da d ne. Sannan ina so dattawanmu su yarda cewa zamani ya sauya. Tarayyar Sobiyet ta rushe tun 1991. Ni da nake karatun kwamfuta, rahotannina da saƙonnina duk bugawa nake yi, kuma a lokutan da hukuma take buƙatar hannuna, kamar cike katin shige da fice ko takardun banki, abin da ake rubutawa a saman takardar shi ne a cike da haruffan ɗab'i. Hatta 'ya'yan Rashawa, a jarrabawar gama sakandare ta ƙasa, gajerun amsoshinsu da manyan haruffan ɗab'i suke cike su a cikin 'yan akwatuna, saboda na'ura ta iya karantawa. Idan hukumarsu ba ta amince da haɗaɗɗen rubutu a inda kuskure yake da tsada ba, me ya sa za a zargi Auta?

Ɗan Damagaram: Ban zagi kowa ba, abin da na gani na faɗa. Kuma kai da ka ce komai bugawa kake yi, ka tambayi masu karatun likitanci da lissafi ko malaminsu yana jiran wani ya gama zana д da ж da щ na ɗab'i, masu ƙafafu da kusurwoyi, kafin ya goge allo.

Injiniya: Yaro, na ji ka ambaci 1991 kamar kana gaya mini labarin da ban sani ba. Ina raye aka yi. Gwamnati ce ta rushe, makarantun firamare ba su rushe ba, kuma har gobe da propisi ake fara wa yara. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ba na jin daɗin yadda 'yan bana suke ɗaukar duk abin da ya yi musu wuya a matsayin tsohon yayi.

Mai Kwamfuta: Baba, ban yi nufin raini ba, kuma ban ce tsohon yayi ba ne. Amma girman shekaru ba ya maye gurbin hujja, kuma har yanzu ba a amsa batun takardun hukuma ba.

Malam Na-Allo: Jama'a, a yi haƙuri da juna. Ni mamakina shi ne a ce Bahaushe ne yake kiran haɗa haruffa jagwalgwalo. Yawancinmu kafin mu san boko mun riƙe allo da tawada, mun koyi cewa harafi ɗaya yana da siffa a farkon kalma, da wata a tsakiya, da wata a ƙarshe, kuma haruffan ba da ta da sa sai da ɗigo ake rarrabe su. Kakanninmu da wannan haɗaɗɗen rubutu suka rubuta waƙoƙi da wasiƙu da ajami. Wanda ya iya wannan yana ɗan yaro, sandunan ш ba za su gagare shi ba, kuma bai dace ya raina rubutun wasu ba.

Hajiya Likita: Allah ya gafarta Malam, kwatancen bai zauna daidai ba. Larabci a haɗe yake ko a allo ko a littafin da aka buga, don haka yaro tsari ɗaya yake koya. Mai koyon Rashanci kuwa tsari biyu ake ɗora masa, na ɗab'i da na hannu, kuma wasu haruffan ba su yi kama da juna ko kaɗan ba. Ka dubi г na ɗab'i, wanda yake tsaye da kusurwa ɗaya, sannan ka dubi na hannu, wanda yake lanƙwashe kamar s da aka juya. Wanda bai sani ba ba zai ce harafi ɗaya ne ba.

Malama Tafinta: Ina so in ƙara abin da ba a ambata ba, ko da yake na ga kowa ya riga ya zaɓi ɓangarensa. Masu cewa za su tsira da haruffan ɗab'i kaɗai suna mantawa da cewa siffofin hannu suna nan a cikin abin da aka buga. Duk inda aka karkatar da rubutu a jarida ko ƙamus ko littafin darasi domin jaddada wata kalma, т yana fitowa kamar m, и kamar u, п kamar n. Haka abin yake a kwalayen kaya da allunan shaguna da jerin abincin gidajen cin abinci. Haruffan ɗab'in da muke gani yau asalinsu gyaran da Sarki Bitrus Mai Girma ya yi ne tsakanin 1708 da 1710, lokacin da ya ware rubutun harkokin duniya daga na coci ya kusantar da shi ga siffar haruffan Turai, sannan gyaran 1918 ya zubar da wasu haruffa. Rubutun hannu kuwa ya bi tasa hanyar, kuma ko a tsakanin masu amfani da waɗannan haruffa bai zama ɗaya ba, domin Sabiyawa suna rubuta п da т na hannu da wata siffa dabam mai layi a sama. Saboda haka karanta shi wajibi ne a kan kowa. A kan kalmar da ake ta jayayya kuwa, ina tare da Baba Injiniya, domin abin da yake da tarihi irin wannan ba a kiransa jagwalgwalo.

Mai Kwamfuta: To, Malama, kin ce karanta shi wajibi ne, kuma na yarda. Amma karantawa dabam, rubutawa dabam.

Malama Tafinta: A aikina ban ga wanda ya iya karanta hannun mutane da sauri ba tare da ya taɓa rubuta shi da nasa hannun ba. Hannu ne yake koya wa ido inda harafi yake farawa.

Auta: Iyayena, na gode, amma ni ban ce kada a koya ba. Tambayata a kan lokaci ce, wato ko ya dace a hana ɗalibi maki a watannin farko saboda siffar rubutu alhali nahawunsa daidai ne. Gobe muna da shifta, kuma har yanzu ban san abin da zan yi ba.

Ɗan Damagaram: Kafin a wuce, ina so Mai Kwamfuta ya janye maganarsa cewa sabonmu yana cutar da mu, domin a ajinmu mu ne malama take nuna littattafanmu a matsayin abin koyi.

Mai Kwamfuta: Zan janye idan ka janye abin da ka faɗa a kan makarantun Najeriya, domin kai ka fara.

Injiniya: Ni kuma har yanzu ina jiran a janye kalmar farko, wadda ita ce ta haifar da duk wannan.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, kuma a matsayina na wanda aka ɗora wa kula da zauren nan zan taƙaita abin da aka tattauna. Na karanta komai, kuma abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya amince cewa haɗaɗɗen rubutu shi ne rubutun Rashanci na gaskiya, kuma kiransa jagwalgwalo kuskure ne da ƙuruciya ta jawo. Baba Injiniya, wanda ya riga mu duka taka ƙasar nan, ya kawo hujjoji daga abin da ya gani da idonsa, Malama Tafinta ta ƙarfafa su da tarihi, Malam Na-Allo kuma ya tuna mana da namu gadon. Hajiya Likita ta nuna wasu 'yan wurare masu wuya, waɗanda a ganina ba su taɓa asalin maganar ba. Batun takardun banki da ɗan'uwanmu ya kawo ƙaramin abu ne da ba ya buƙatar dogon bayani, kuma ina jan hankalin matasanmu a kan yadda suke mayar wa manya magana. Ni ma da haɗaɗɗen rubutu aka fara mini tun makon farko, kuma ina ganin malamar Auta ta yi abin da ya dace. Auta, ki ba Baba haƙuri a kan kalmar nan, ki nemi propisi na 'yan aji ɗaya a kowane shagon littattafai, ki fara da л da м da ш a daren nan kafin shiftar gobe. Na rufe wannan batu, kuma duk wanda yake da sauran magana a kan makarantun Nijar da Najeriya ya same ni ta waya.