Neman shawara: ina so in rubuta kundi a kan Hausar da kamfanoni ke yi mana magana da ita

Ɗaliba daga Rikkos

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatun digiri na biyu a fannin nazarin harshe a Jami'ar Jos, kuma na iso matakin zaɓen batun kundi. Abin da raina ya kwanta a kai shi ne Hausar da kamfanoni ke rubuto wa abokan cinikinsu: bankuna, kamfanonin layin waya, masu raba wutar lantarki da masu manhajojin tura kuɗi. Ba tallar rediyo mai kiɗa nake nufi ba. Rubutun da kamfani ke yi da bakinsa nake nufi, irin sanarwa, saƙon tes, bayanin sabon tsari, da ban haƙuri in wani abu ya lalace.

Ga abin da na lura da shi. In labarin mai daɗi ne, kamfani fitowa fili yake yi: mun kawo muku garaɓasa, muna farin cikin sanar da ku. In na ɗaci ne kuwa sai ka neme shi a jimlar ka rasa: an samu tangarɗa, an cire kuɗi, farashi ya ƙaru. Abin yana damuna, domin mutanen da ake yi wa wannan magana iyayenmu ne, da yawansu ba su da wata hanyar sanin abin da ya sami kuɗinsu sai wannan saƙon.

Malamin da ke duba aikina ya fi so in yi nazarin kurakurai, wato ƙa'idojin rubutu, raba kalmomi da gurguwar fassara. Ya ce shi ya fi sauƙin karewa a gaban masu jarrabawa. Don Allah ku ba ni shawara. Abin da na hango yana da tushe, ko zato ne kawai? In yana da shi, yaya zan tattara hujja, kuma yaya zan tunkari malam ba tare da ya ga kamar na raina shawararsa ba?

Baba Malam, Bukuru

Wa alaikumus salam 'yata. Kin hango abu, amma ki taka a hankali da kalmar "an". Ba duk inda ta fito ba ne ake ɓoye laifi. Bahaushe yana cewa dattijo "an dawo lafiya?" don ya fi ƙarfin a ce masa "ka". Ana cewa an haihu, an yi rasuwa, an ɗaura aure, ba wanda yake gudun komai. Kanun labarai ma haka suke tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa daga Zariya a 1939. In kika ƙirga "an" kawai kika ce ga shaidar zamewa, mai jarrabawa zai rushe aikin da tambaya ɗaya.

Ki duba misalinki na uku, can ne naman yake. Jimla uku ne a jere: mun ƙara farashi, an ƙara farashi, farashi ya ƙaru. A ta farko ga mai aiki a fili. A ta biyu akwai shi, ba a dai ambace shi ba, mai sauraro ya san hannun mutum ne. A ta uku kuwa babu hannun kowa, farashi ne ya tashi don kansa. Wannan "ƙaru" tana cikin aji na bakwai a rabe-raben aikatau da masanin nahawun Hausa Parsons ya yi a 1960, masu ƙarewa da wasalin u, 'yan uwanta su ne ragu, faru, auku, gyaru. Sai mataki na huɗu, inda aikatau ke komawa suna gaba ɗaya: ƙarin farashi, daidaita farashi, katsewar layi. Ki jera saƙonninki a kan waɗannan matakai, ki ga inda kowane irin labari yake sauka. Hujja mai ƙarfi ita ce ki sami saƙo ɗaya da ya fara da "an" wajen faɗar ɓarna, ya koma "mun" wajen faɗar gyara. A nan ba wanda zai ce miki ladabi ne.

Malaminki kuma bai ba ki mummunar shawara ba. Ya ga ɗalibai da yawa sun ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu.

Mai Fassara, Abuja

Ƙanwata, ni irin wannan aikin nake ci da shi, don haka bari in faɗa miki yadda rubutun ke isowa hannunmu. Kusan duk abin da na taɓa fassara wa kamfani da Turanci aka rubuta shi, sau da yawa a hedikwata a Legas. Sashen hulɗa da jama'a ya rubuta, lauyoyi sun tace, sannan a turo mana a jadawali, kowace jimla a gidanta, gefe guda Yarbanci, gefe guda Ibo, gefe guda Hausa, a ce ana so kafin a tashi aiki. Jimlar da ba ta ambaci mai aiki ba a Turanci, hanya mafi kusa ita ce ta zama "an". Ma'ana, shawarar ɓoye mai aiki an riga an yanke ta tun kafin maganar ta shigo Hausa. Saboda haka kada ki tara Hausar ita kaɗai. Duk sanarwar da kika samu, ki nemo ta Turancinta ki ajiye su kafaɗa da kafaɗa, in ba haka ba za ki ɗora wa Hausa abin da ba nata ba.

Akwai abu biyu da za ki iya ƙarawa. Turanci kalma ɗaya yake da ita ta wanda ake yi wa magana, mu kuwa dole mu zaɓa tsakanin ka, ki da ku. Yawancinmu "ku" muke sawa, kuma gaskiya ba don girmamawa ba ne, don kada a kira Hajiya da "ka" ne. Wasu kan gudu zuwa "a danna", "a tura", "a ziyarci reshe". Na biyu, ki nemi ƙananan kalmomin nan da ke sa magana ta yi ɗumi: fa, dai, kam, kuwa, ma. A rubutun da aka fassara da ƙyar za ki gan su, don Turancin bai zo da abin da zai tuna wa mai fassara su ba. Shi ya sa mutum zai karanta saƙo, nahawunsa daidai, amma ya ji ba mutum ne ke masa magana ba.

Baba Malam, Bukuru

Ɗana, na karɓi bayaninka, ya ƙara mini sani. Amma ban yarda hannunku ya fita gaba ɗaya ba. Wajen ban haƙuri ku ke zaɓa. "Ku yi haƙuri" abin da ake faɗa wa wanda aka yi wa mutuwa ne, ana kuma faɗa wa wanda aka taka. Ba ta nuna wa ya yi laifi, aikin ma wanda aka cuta ta ɗora wa. "Ku gafarce mu" ko "kuskure daga wajenmu ne" daban suke. Duka Hausa ce, duka suna gabanku.

Mai Fassara, Abuja

Haka ne Baba, Allah ya ƙara girma. Na sha rubuta irin ta biyun a dawo mini da ita a ce ta wuce abin da Turancin ya faɗa. Ƙanwata, wannan ma abin tambaya ne in za ki zanta da masu fassara, kuma zan iya haɗa ki da wasu in sun amince.

Ɗan Dilimi

Anti, ni gyaran waya da kwamfuta nake yi, ga abin da na sani. Kafin ki ce rashin ƙugiya a saƙon tes jahilci ne, ki san cewa saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka in duk haruffan na yau da kullum ne. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ɗaya ta shiga, tsarin ya canza, ya koma 70. Saƙon da zai tafi a guda sai ya zama biyu ko uku, kuma kamfanin da ke tura wa miliyoyin mutane kuɗinsa yake lissafawa. In malaminki na son babin kurakurai, wannan dalili ne da ya kamata ya shiga.

Wajen ƙirga kuma akwai manhajar AntConc, kyauta ce, Laurence Anthony ne ya haɗa ta. Za ta fito miki da duk inda kalma ta zo tare da abin da ke gabanta da bayanta. Ki ajiye kwafi biyu na kowane saƙo, ɗaya yadda ya zo, ɗaya wanda kika gyara wa ƙugiya, don manhaja ba ta san kasa da ƙasa daban suke ba in an rubuta su iri ɗaya. Kada kuma ki tsaya a "an", ki haɗa da ana, aka, ake, za a, ba a, ki gwama su da mun, muna, muka, muke, za mu. Ita "a" tsurarta sai da ido, don ta "a banki" da ta "a danna" ba ɗaya ba ne.

Hajiya Mai Atamfa, Terminus

'Yata, ni ban yi karatun nan naku ba, amma abin da kike faɗa na san shi a jikina. Lokacin wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, mutum zai zaɓi atamfa, ya yi turansfa, an cire a wajensa, ni alat bai shigo ba. Ga shi tsaye, ga ni tsaye, ni ba zan saki kaya ba, shi ba zai tafi ba. Can sai saƙo ya zo wai an samu tangarɗa, a yi haƙuri. Wa ya samu? Wa zan je in riƙe? Da sun ce matsalar daga wajenmu take, kuɗinki zai dawo rana kaza, da na saki kayan hankalina a kwance.

Ki zo kasuwa ki tambayi mutane, kada ki ƙare a takarda. Kuma ki tuna nan Jos ce. Masu saye a wajena akwai Birom, Angas, Jarawa, Tarok, duk da Hausa muke ciniki, amma ba Hausar littafi ba. Wata kalmar da ake sawa a saƙo ni kaina sai na tambayi jikata. Da yawanmu ma yara ke karanta mana.

Dakta, Naraguta

Batun yana da gindi a ilimi. Masanin harshe Norman Fairclough ya yi bayani tun 1989 a kan yadda hukumomi da kamfanoni ke yi wa taron jama'a magana kamar mutum ɗaya suke yi wa, don a ji kusancin da babu shi. Abin da ya rage miki shi ne ki nuna yadda hakan ke aiki a harshen da ke tilasta bambanta ka da ki, yake kuma da lamirin da ba ya nuna kowa, wato "an".

Amma kin yi faɗi da yawa. Ki ɗauki ɓangare biyu, misali bankuna da kamfanonin waya, ki kuma ɗaure samfurinki da lokutan da dole kamfanoni suka faɗi abin da ba a so. Akwai umarnin haɗa layi da lambar NIN da ya fara a Disamba 2020, da sauyin takardun naira na ƙarshen 2022 zuwa 2023, da ƙarin har kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairu 2025. In wuta kika zaɓa, akwai Afrilu 2024 da aka mayar da kuɗin wutar masu amfani da lantarki 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit. Sai ki ɗauko saƙonnin garaɓasa da barka da Sallah na kamfanonin nan dai, don ki sami abin gwamawa. Ki shirya wa yiwuwar lissafi ya ƙaryata zatonki, in ya yi haka ki rubuta shi yadda ya fito.

Ki kiyaye abu biyu. Saƙon da kika karɓa daga wayar wani, ki nemi izininsa, ki goge suna da lambar asusu da adadin kuɗi, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sannan ki rubuta abin da jimla ta yi, kada ki rubuta niyyar da ba ki gani ba. "Jimlar ba ta ambaci mai aiki ba" za ki iya karewa, "kamfanin ya yaudari jama'a" ba za ki iya ba.

Malaminki kuwa kada ki je masa da gardama, ki je masa da takarda. Ki jera saƙonni kamar ashirin a kan matakan da Baba ya faɗa, a shafi ɗaya, ki ce Malam ga abin da na gani ina cikin duba kurakuran, ko zai iya zama babi? Ki bar masa babin ƙa'idojin rubutu, yana da amfani.

Ɗaliba daga Rikkos

Allah ya saka muku da alheri, na rubuta komai. Zan tsaya a bankuna da kamfanonin waya. Dakta, in na je kasuwa, in nuna wa mutane saƙon su karanta, ko in karanta musu?

Dakta, Naraguta

Ki karanta musu, tunda Hajiya ta ce haka yawanci yake isa kunnensu. Ki riƙe murya ɗaya a duk jimlolin, ki riƙa sauya wadda kike farawa da ita. Tambaya ɗaya ta isa bayan kowace: a ganinku wa ya yi wannan abu, kuma wa za ku je ku samu?

Hajiya Mai Atamfa, Terminus

Ki zo da hantsi kafin ciniki ya kankama, ban da ranar Juma'a. Zan haɗa ki da matan layinmu da yaran da ke POS, su suka fi kowa ganin irin waɗannan saƙonni.