Matan labarina uku duk bakinsu ɗaya, ku taimaka

Mai Alƙalami: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Shekara biyu ke nan ina fama da wani wasan kwaikwayo na rediyo. Asali littafi na so yi, kwamfutata ta lalace na yi asarar babi takwas, na yi wata huɗu ko biro ban taɓa ba, sai wata ƙawata ta ce in mayar da shi wasa tunda hira ta yi masa yawa. Labarin mata uku ne 'yan gida ɗaya bayan rasuwar mahaifinsu. Jiya muka yi karatun gwaji, wanda na sa ya saurara daga bayan ƙofa ya ce sam bai gane wace ce ke magana ba. Alhali kowaccensu na rubuta mata tarihi shafi biyar, har launin da take so. Saura mako biyu mu fara ɗauka. Ina na kuskure?

Tsohon Darakta: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, shafi biyar ɗin nan a jakarki suka tsaya, kunnen mai sauraro bai same su ba. Ɗauko takardar, ki danne sunayen da yatsa, ki karanta. In ke ma kin kasa tantance su, to ke ce kike magana sau uku. Stanislavski, daraktan nan na Rasha wanda suka kafa gidan wasa a Mosko shi da Nemirovich-Danchenko a 1898, abin da yake matsa wa ɗan wasa da shi shi ne: me kake so a wannan fitowar? A ce sun tsinci makullin akwatin uban. Babbar so take a buɗe yanzu, maganarta gajeru, duk umarni: "Miƙo. Matsa." Ta tsakiya ta san abin da ke ciki, tsoro take ji, kowace tambaya da tambaya take amsawa. Auta ba ta son rigima, ta ɗauko magana sai ta haɗiye rabi. Shi ke nan kin raba su.

Mai Murya Biyu: Malam, da girmanka, amma mako biyu fa ta ce. Rediyo ba a ganin fuska. 'Yar'uwa, ki ba kowacce sararta da salon muryarta, ɗaya da sauri, ɗaya tana jan magana, ɗaya ba ta rufe baki sai da "ni dai na faɗa". A Italiya tun ƙarni na 16 haka masu wasan barkwanci ke yi, Pantalone na shigowa kowa ya san tsohon marowaci ya iso.

Tsohon Darakta: Barkwanci ka ce ai. Irin waɗannan mutanen cikin labari ne marubucin Ingila E. M. Forster ya yi bayani a 1927, waɗanda jimla ɗaya ke ƙare bayaninsu, kuma shi ma a wajen ban dariya ya ce sun fi kyau. Gidan makoki take rubutawa. Sara kashi uku za ta yi ta gundure mutane.

'Yar Bayan Fage: Hmm. Ku dai marubuta ku riƙa tausaya mana. Ni na taɓa kwana goma ina gina wata tsohuwa, har yadda take sauke numfashi kafin ta zauna, ranar ɗauka darakta ya ce "yi kamar yadda kika yi a wancan fim ɗin." Daga baya ma aka yanke fitowar ba wanda ya gaya mini. Har yau abin na ci mini rai.

Mai Alƙalami: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma Malam, ta tsakiyar ba za ta san komai ba, don a gaskiya ba ta sani ba. Labarin gidanmu ne, ni ce ita. Kuma 'yan gida ɗaya ai dole maganarsu ta yi kama. Ni ina ganin 'yan wasan ne ba su karanta tarihin da na ba su ba.

Tsohon Darakta: To ga cutar nan, sai yanzu kika faɗa. Kina kare kanki ne a takarda, kin hana kowa yin laifi.

Mai Alƙalami: Ba haka ba ne wallahi. In na sauya ta, yayata za ta ji a rediyo.

Mai Murya Biyu: Wai tsaya, mutum nawa ne ke karanta ukun? Ba ki faɗa ba.