Me za mu kira ƙarfen ciro ɗurin da ya maƙale a bindigar toka?

Mai tambaya, daga Agege:
Salamu alaikum jama'a. Kalmar Hausa nake nema ga ƙarfen da Turawa ke kira ball puller. Sukuru ne mai tsini da ake ɗaurawa a kan doguwar sanda, a zura ta bakin bindigar toka, a murɗa har ya ciji dunƙulen dalmar da aka ɗura, sannan a jawo shi waje. Yana da ɗan'uwa da suke kira worm, mai haƙora biyu a murɗe, shi kuma tsumman toshiya yake kamawa. Abin da ya sa na damu: 'yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan a nan Legas sukan ci karo da tsohuwar adaka ko harbi-ka-ruga cikin tarkace, kuma ba kowa ya san tana iya kasancewa a ɗure ba. Albarushi ba ya mutuwa don tsufa. Idan bai sha ruwa ba, bayan shekaru da dama ma zai tashi. Idan ƙarfen ba shi da suna a bakinmu, yaro guduma zai ɗauko, ko wutar walda.

Wani ɗalibi, daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Malam. Me zai hana mu ce majanyi, tunda janyowa yake yi? Ko mazari, daga zarewa.

Mai tambaya:
Ƙanena, duka biyun da masu su. Majanyi na masu goyo ne, mazari kuwa na masu kaɗi. Amma hanyar da ka bi daidai ce, haka muka sami mabuɗi da madubi.

Wani mai gyaran mota, daga Mile 12:
Matoni fa?

Baba maƙeri:
A'a ɗana, wannan sunan kashe mutum zai yi. Wanda ya ji matoni zai ɗauka tono ake yi, ya dinga caccakar ɗurin da ƙarfe. Bari in faɗi yadda aikin yake, sai ku zaɓi suna a kansa.

Da farko a juya bakin bindiga inda babu kowa, kuma kada fuska ko tafin hannu su gitta shi har a gama. Idan yanzu aka ja kunama ta ƙi tashi, a riƙe ta haka aƙalla minti 1, don wani lokaci wutar tana ci a hankali sai daga baya ta tashi. Sannan a cire hular, wato ɗan murfin da ke tayar da wuta, daga kan nonon, ɗan tsinin nan na gindin bututu; in mai ƙanƙara ce, wato dutsen ƙyasta wuta, a zubar da albarushin kaskon a kwance ƙanƙarar. Gane ɗuri ba wuya: a zura sanda a hankali har ta tsaya, a yi alama daidai bakin, a fito da ita a gwada a jikin bututun daga waje. In ba ta kai ga ramin wuta ba, wato 'yar kafar gindin bututu da wuta ke bi ta kai ga albarushi, akwai abu a ciki.

Sai kashe albarushi. Gishirin da ke cikinsa ruwa na narkar da shi, shi ya sa ake tsoma gindin bututun cikin ruwa har ya shiga ta ramin wuta, a kuma zuba ta baki. Ba aikin gaggawa ba ne. Tsohon ɗuri ya dunƙule, tsatsar iskar bakin teku ta riƙe shi, gara ya kwana a ruwa. Bayan nan ne ƙarfen nan zai shiga, a murɗa sannu, a maƙala mariƙin sandar a jikin wani abu mai ƙarfi, a ja bindigar baya. Mutum yana bayanta, ba ya gabanta.

Wata malamar fassara, daga Obalende:
Baba, Allah ya ƙara girma. Daga bayaninka na ji kalmar: zaƙulowa. Abu yana can ciki, ba ka ganinsa, ka laluba ka fito da shi ba tare da duka ba. Ina ganin mazaƙuli, jam'insa mazaƙula. Kada kuma mu ce tsutsa don kawai Bature ya ce worm, babu maharbin da zai gane.

Wani tsohon maharbi:
Malama ta yi daidai, amma a lura da wani abu. Sukurun nan don dunƙulen dalma guda aka yi shi, saboda dalma na da taushi. Mu kuwa yawancin ɗurinmu gutsattsarin ƙarfe ne, da boris, da guntayen ƙusa, a danne da tsumma. Sukuru ba ya cizon boris. Mai haƙora biyun ne namu: ya zaƙulo toshiyar, a karkata bututun, sauran su zubo. Kuma a ji tsoron ɗurin da ba a san wanda ya yi shi ba. Akwai masu haɗawa da kan ashana, wanda guga kaɗai ke iya tayar da shi. Akwai masu farke harsashin zamani su zuba garinsa, wannan kuwa fasa bututu yake yi, kuma ruwa ba ya kashe shi yadda yake kashe na toka. Don haka kada wani ya ce bari a harba ta kawai a huta.

Mai tambaya:
Baba maharbi, wannan gyaran ya warware mini matsalar sunaye biyu. Uwar kalma ɗaya ta isa: mazaƙulin dalma ga mai sukuru, mazaƙulin tsumma ga mai haƙora biyu. Aikin kuma zaƙulo ɗuri. Akwai wata ƙaramar tukunyar iska da ake dannawa a kan nonon ta tunkuɗo ɗurin ta baki, da ƙarfin da zai iya raunata mutum. Ita na sa mata suna mahuri sai in wani ya kawo wanda ya fi.

Ga masu gwangwan kuma, dokar makamai ta 1959 ta lissafa bindigar toka cikin makaman da take kula da su. Wanda ya tsinci ɗaya kada ya yanka ta, kada ya kai ta kusa da wuta. Ya ajiye ta bakinta na kallon bango mai kauri, ya sanar da 'yan sanda.

Baba maƙeri:
Mazaƙuli ya zauna a baki. Mai ƙera shi dai ya sa masa zoben tagulla a wuya, don ya tsaya a tsakiya kada ya gogi cikin bututun.