Kare mai ziyarar marasa lafiya: ta ina zan fara horar da nawa?

Maman_Zara:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi a nan Ohio, duk Laraba akwai wata baturiya da ke zuwa da karenta suna bi ɗaki ɗaki. Akwai tsohuwar da nake kula da ita, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, wata biyu ban ji ta haɗa kalma uku ba, ko abinci sai da lallashi, amma ranar da karen nan ya ɗora haɓarsa a gwiwarta wlh sai ta hau shafa kunnensa tana kiran wani suna, ashe sunan karenta ne na yarinta, ta yi ta magana kusan minti goma. Fita na yi waje na yi kuka. To mu ma muna da kare a gida, na yarona ne, labrador, watansa goma. Ba ya cizo ba ya faɗa, sai dai rawar kai, duk baƙon da ya shigo sai ya daka masa tsalle. Zai iya wannan aikin kuwa? Ta ina ake farawa?

Baban_Sadiq:
Wa alaikis salam Maman Zara. Na yi wannan da kariyata shekara uku kenan. Da farko ki yi haƙuri, ya yi ƙarami, manyan ƙungiyoyin nan Amurka masu yi wa karnukan ziyara rijista irin su Pet Partners da Therapy Dogs International ba sa karɓar kare sai ya cika shekara 1. Ki yi amfani da wata biyun nan ki kashe maganar tsallen, don fatar tsoho kamar takarda take, farce ɗaya ya isa ya yage ta. Yadda na yi shi ne, duk wanda ya shigo kar ya kalli kariyar kar ya taɓa ta sai ƙafafunta huɗu na ƙasa, tana zama a ba ta ɗan abin ci nan take. Amma fa kowa a gidan sai ya bi, in yaro na barin shi yana hawansa da yamma to aikin safe ya tashi a banza.

Daga nan ki sa shi ajin ladabin kare mai suna Canine Good Citizen na AKC (ƙungiyar harkar karnuka ta Amurka), jarabawa ce mai abu 10, akwai tafiya ba ya jan igiya, ratsa taron mutane, haɗuwa da wani kare ba tare da ya rikice ba, da barinsa hannun baƙo minti 3 kin ɓace masa. Jarabawar ziyara ita ta fi wuya, za a zo da keken guragu, a yar da abu mai ƙara a bayansa, a rungume shi da ƙarfi, a shafa shi ba tsari. Kuma lallai ya iya bin umarnin "bar shi", don ƙwayar magani takan faɗi ƙasa a irin wuraren nan kin fi ni sani. Ke ma za a gwada ki ba shi kaɗai ba, kuma Pet Partners duk shekara 2 ake sake gwajin, sannan ba sa yarda da karen da ake ba ɗanyen nama.

Ummi_Manchester:
Ƙarin bayani kaɗan yaya, kar ki ɗauka in ya samu rijista zai rinƙa shiga ko'ina. Dokar ADA ta can wajenku, wato dokar haƙƙin masu nakasa, karen da ke yi wa mai nakasa aiki ta ba wannan damar, kare mai ziyara sai inda aka gayyace shi. Mu nan Ingila ƙungiyar Pets As Therapy ce babba, tun 1983 take. Abin da na fi so ki lura da shi shi ne karen kansa. Wani yana jure taɓawa ne kawai ba so yake ba. In kin ga yana yawan hamma, yana lasar baki, yana kau da kai, ko ya maƙale wutsiya, to ya gaji, ki fitar da shi ko da minti ashirin kuka yi. Maƙwabciyata ta dage da nata har ya fara ƙin shiga mota ranar ziyara, dole ta haƙura.

Malam_Tijjani:
Hajiya Allah ya ba da lada. Ni batun izini zan yi magana. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma Shafi'iyya suna ɗaukarsa najasa, kuma Ohio akwai 'yan Somaliya da yawa, galibinsu Shafi'iyya ne. Wani kuma tsoro ne, an taɓa cizonsa. Ki tsaya a bakin ƙofa ki tambaya kafin ku shiga, wanda ba ya iya magana a tambayi iyalinsa.

Maman_Zara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam gaskiya ne, akwai wani dattijo ɗan Somaliya a hawa na biyu, baturiyar ma wuce ƙofarsa take yi. Baban Sadiq na samu aji kusa da mu ran Asabar, na kuma faɗa wa yarona maganar tsallen ya ce ya yarda. Saura keken guragun, zan iya aro ɗaya in rinƙa gwada shi a gida ko in bari sai mun fara ajin?