Wane suna za mu ba abin da ke cire tsohon mai daga kacar keke?

Malamin koyar da sana'a, Zariya:
Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman taimako. Ina rubuta 'yar takarda don yaran da muke koya wa gyaran keke, a kan yadda ake wanke kaca da sa mata mai, sai na zo wani wuri na cije. A Turanci abubuwa biyu ne, kowanne da sunansa. Degreaser shi ne wanda ke narkar da tsohon mai da dauɗa ya fitar da su. Lubricant kuma shi ake ɗigawa bayan wanki, ya zauna a ciki. Mu kuwa duk "mai" muke cewa: fetur mai, kananzir mai, na inji mai, na miya ma mai. Jimlar da ta fito mini ita ce, "A wanke tsohon mai da mai, a bari ya bushe, sannan a sa mai." Yaron da ya karanta wannan me zai je ya sayo? Na biyun bai dame ni ba, "man kaca" ya ishe ni. Na farkon nake nema wa suna.

Tsohon mai gyaran keke, Kano:
Wa alaikumus salam. Malam, ai sunansa kananzir. Tun muna gyaran Raleigh da Phoenix haka muke yi. Ka ɓalle makullin kacar, ka jefa ta a gwangwani, ka zuba kananzir ya rufe ta, ka girgiza, ka bi ta da tsohon burushi, ka rataye ta ta tsane. Me ya kai mu neman sabon suna ga abin da yake da nasa?

Malamin koyar da sana'a:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kananzir ɗaya ne daga cikinsu. Wani da dizal yake yi, wani da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ga kuma na kwalba da na feshi da ake sayarwa a shagunan kayan keke, wasunsu da man ɓawon lemo ake haɗa su. Sunan aikin nake nema, wanda zai tattara su duka. In na rubuta kananzir kaɗai, ranar da babu shi yaro zai ɗauko fetur ya ce ai duk mai ne.

Tsohon mai gyaran keke:
To nan kam ka yi gaskiya. Fetur kada ya kuskura. Yana wankewa tas, amma tururinsa kaɗai ya isa ya kama wuta, ga mai shayi da murhunsa a gefen rumfa. Rubuta wannan da manyan baƙaƙe ko da ba ka sami sunan ba.

Ɗalibi, Katsina:
Ni a ganina "maganin maiƙo". Muna da maganin sauro, maganin ɓera, maganin ƙwari, kowa ya san abin da ke kawar da abu ne.

Malamar Hausa, Sakkwato:
Ƙanena, rabin amsar ka kawo, kuma rabin mai kyau. "Maiƙo" ita ce kalmar da Malam yake nema bai lura ba. Mai abu ne da ake so, ake saye, ake zubawa. Maiƙo kuwa shi ne abin da ya rage ya manne, irin wanda ke bin kwano bayan an ci miyar nama, wanda sai da sabulu yake fita. Da zarar mun kira tsohon da ke jikin kaca maiƙo, sabon da za a ɗiga kuma mai, rikicin jimlar nan ya ragu da kansa.

"Magani" ce ban yarda da ita ba. Ka shiga kanti ka ce a ba ka maganin maiƙo, za su nuna maka hanyar kemis, su ɗauka fuskarka ce ke maiƙo ko likita ya hana ka kitse. Hausa tana da hanyoyi biyu da ta saba raɗa wa kayan aiki suna. Ɗaya da ma- a gaba, kamar mabuɗi, matsefi, magogi. Ta nan za mu sami "mawankin kaca", amma kunne zai ji kamar mutum ake nufi ko burushi, ba ruwan da ake zubawa ba. Ta biyu ita ce a haɗa aikatau da abin da aikin ya faɗa wa: dafa-duka, amsa-kuwwa, hana-salla, fasa-ƙwauri. Nan nake ganin mafita. Ga uku ku zaɓa: narka-maiƙo, ci-maiƙo, cire-maiƙo.

Mai shagon kayan keke, Maraɗi:
Sallama gare ku. Mu nan a kwalabe dégraissant ake rubutawa, ma'anarsa daidai da na Turancin, mai fitar da kitse. Amma Malam, in takardarka za ta ƙetaro iyaka, kula da abu guda. Abin da Faransanci ke kira pétrole kananzir ne, fetur ɗinku kuwa essence ne. Yaron nan in ya ga "fetur" zai iya ɗauka na fitila kake nufi, na wajenku in ya ji namu yana cewa "pétrole" zai ɗauka na mota ne. Wannan ma wani dalili ne na samun suna ɗaya da bai rataya ga kowane irin mai ba. Ni da "sabulun kaca" na so in ce.

Malamar Hausa:
Alhaji, sabulu yana jawo ruwa a tunanin mai ji. Kananzir da dizal ba su shiga cikinsa ba.

Mai hawan keken tsere, Jos:
Ku ba ni dama in yi ɗan tsawo, don sunan ba zai zauna daidai ba sai an san inda dauɗar take. Kaca ba a bayanta take aiki ba. Kowace gaɓa tana da faranti biyu na ciki, biyu na waje, da ƙusa da ta ratsa su, da ɗan zoben da ke juyawa yana hawa haƙora. Irin wannan kacar mai zobe Hans Renold ne ya yi rajistar ƙirarta a Manchesta a 1880, kafin keken Rover na John Kemp Starley ya fito a Koventiri a 1885 da kaca tana jan tayar baya. Daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, milimita 12.7, a keken Baba da nawa duk ɗaya. Gogayya tana faruwa ne tsakanin ƙusar da abin da ke kewaye da ita, can ciki inda ido ba ya gani. Man da ke ƙyalli a waje ba ya aikin komai sai kama ƙura. Ƙurar nan ta haɗu da mai, ta kutsa ciki, ta riƙa cin ƙusa a kowane juyi.

Shi ya sa ake cewa kaca ta miƙe. Ƙarfen bai miƙe ba, ƙusoshin ne suka cinye, ramukan suka buɗe. Ɗauki ma'auni ka gwada: a sabuwar kaca, in ka ɗora farkonsa a tsakiyar wata ƙusa, inci 12 zai faɗa daidai tsakiyar wata. In ƙusar ta zarce alamar inci 12 da kashi ɗaya cikin 16 na inci, kacar ta cinye da kusan kashi 0.5 cikin ɗari, lokacin canji ya yi ga keke mai giya da yawa. In ya kai ɗaya cikin 8, ta riga ta fara lalata haƙoran baya, sabuwar kaca ma za ta riƙa tsalle a kansu.

To, abin da muke nema wa suna aikinsa ya shiga can ciki ya fito da wannan baƙin kwaɓin, sannan shi ma ya fita. Wannan na ƙarshen ne mutane ke mantawa. In ka ɗiga sabon mai alhali kananzir bai bushe ba, zai tsinka shi ya zube. In da ruwan sabulu ka wanke, ka ɗauraye, ka shanya ta a rana ta bushe ƙarau, in ba haka ba gobe ka ga tsatsa. Saboda haka ban so "narka-maiƙo" ba. Narkarwa rabin aiki ce, maiƙon da ya narke yana nan a ciki. Kuma wanda ya ji "narka" zai iya tunanin wuta.

Ɗalibi:
Yaya, WD-40 fa? Mu shi muke fesawa, kacar ta yi shiru nan take. Wanne ne a cikin biyun?

Mai hawan keken tsere:
Na asalin ya fi kusa da na wanki. An ƙirƙiro shi a San Diyego ta Amurka a 1953 don korar danshi da hana tsatsa, haruffan biyu ma korar ruwa suke nufi. Yana da ɗan mai mara kauri a ciki, shi ya sa ƙarar take ɗaukewa, amma ba ya jimawa. Fesa ka goge, sannan ka sa man kaca na gaskiya. Kuma duk abin da za ka fesa, kare shi daga inda birki yake kamawa.

Tsohon mai gyaran keke:
Ni dai na gwada sunayen nan uku da baki, yadda zan kira yaro daga bakin rumfa. "Kai, miƙo min ci-maiƙo." Harshe ya sarƙe, kuma yaran sai dariya, wai sunan wani mai son kitsen tsire ne. "Ɗauko cire-maiƙo" ya fita sumul, babu wanda ya tambaye ni me nake nufi. In dole sai an yi sabon suna, wannan ne.

Malamar Hausa:
Baba ya yanke hukunci, ni ma shi na fi so. "Ci" tana da wata illar ma: muna cewa tsatsa ta ci ƙarfe, yanzun nan ɗan Jos ya ce ƙusa ta cinye. Kada a sa ta a sunan abin da ake so ya ceci kacar. A rubuta shi da karan ɗori, cire-maiƙo, namiji: "cire-maiƙon ya ƙare".

Malamin koyar da sana'a:
Na gode, Malama. Na ɗauka. Tunda kun taru, ga ƙaramar da ta biyo baya. Man kacar ma a kwalabe iri biyu ne, wet lube da dry lube. Na rubuta "jiƙaƙƙen mai" da "busasshen mai", na karanta na ji ba daɗi.

Mai hawan keken tsere:
Ba daɗi kuma ba daidai ba, don dukansu ruwa-ruwa suke a kwalba. Sunayen yanayin hanya suke nufi. Na farkon mai kauri ne, yana manne wa kaca, ruwan sama ba ya wanke shi da wuri, amma yana kwasar ƙura. Na biyun kaki ne irin na kyandir ko makamancinsa a cikin wani ruwa mai tashi, bayan ka ɗiga ruwan ya bushe ya bar ɗan siririn shafi. Ƙura ba ta kama shi sosai, amma ruwan sama ɗaya ya isa ya tafi da shi, kuma sai an riƙa sabuntawa.

Tsohon mai gyaran keke:
Ashe man damina da man rani.

Malamar Hausa:
Shi ke nan, Baba, babu abin ƙari.

Mai shagon kayan keke:
Wallahi haka zan riƙa gaya wa masu saye. Mu da ƙura ta fi ruwa yawa a shekara, man rani ne namu. Amma a faɗi gaskiya, yawancin mutanenmu baƙin mai suke sa wa, wanda aka juye daga inji, don kyauta ake samunsa wajen bakanike.

Tsohon mai gyaran keke:
Shi kam ya kamata Malam ya hana a takardarsa. Baƙin mai ya riga ya ɗebo garin ƙarfe da toka daga inji, ka zuba wa kaca ka ƙara mata abin da kake ƙoƙarin cirewa. In babu na kwalba, sabon man inji ya fi, ɗan kaɗan. Giris na boris ne, ba ya shiga cikin gaɓa, a waje yake tsayawa ya tara yashi. Man gyaɗa kuwa bayan kwanaki sai ya yi danƙo ya daskare. Man keken ɗinki yana shiga, sai dai ba ya daɗewa.

Malamin koyar da sana'a:
Ga yadda sakin layin ya koma, ku duba mini: "A wanke kaca da cire-maiƙo, kamar kananzir ko ruwan sabulu mai zafi, ban da fetur. A bar ta ta bushe sarai. A ɗiga man kaca ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, ta gefen da ke taɓa haƙora, ana juya feda baya. A jira mintoci kaɗan ya shiga, sannan a goge na waje da tsumma har ya daina baƙanta hannu."

Tsohon mai gyaran keke:
Ya yi. Ƙara layi ɗaya a kan mayar da makulli, don nan yara suke kuskure. Ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da ke riƙe shi, rufaffen gefensa ne zai fuskanci inda kaca take tafiya, buɗaɗɗen ya bi baya. In aka juya shi, wani abu na iya tsinko shi a hanya kacar ta zube.