Ruwa ya shigo mana gida, don Allah ku ba ni shawara

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ruwan daren Talata ya shigo mana har gwiwa a nan Sabuwar Unguwa, katangar baya ta faɗi, masai ya cika ya malalo har cikin rijiya. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba, amma tun ranar ƙaramar ɗiyata ba ta barci, iska na kaɗa kwano sai ta ƙanƙame ni jikinta na rawa, shekararta 6 amma ta koma fitsarin kwance. Ni kaina abinci baya shiga. Ta ina zan fara?

Baban Khalifa: Innalillahi, sannu Maman Biyu, Allah ya mayar da alheri. Ku jefa alim cikin rijiyar, zai tace ta tas.

Anti Nas: Yi haƙuri Baban Khalifa, alim laka kawai yake kwantarwa, baya kashe ƙwayar cuta. Rijiyar da masai ya shiga a bar ta sai an yashe an zuba kulorin. Ruwan sha kuma ko na 'yan garuwa ne a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a saka Aquatabs, ƙwayar kulorin ta tsabtace ruwan sha, yadda aka rubuta jikin kwalin a jira minti 30, randa a rufe, moɗa ɗaya kar kowa ya tsoma hannu. Kwalara bayan ruwa ya janye take zuwa, lokacin da kowa ya saki jiki. In yaro ya fara gudawa a ba shi ORS, haɗin gishiri da sukari na leda, in babu, ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In kashin ya koma kamar ruwan wankin shinkafa ko ido ya faɗa, asibiti nan take ko da tsakar dare ne, kar a tsaya kemis.

Ɗan Kofar Marusa: Ni magini ne Hajiya, ginin ƙasa in gindinshi ya sha ruwa yana iya kwana uku huɗu sannan ya zube. In kun ga tsaga ko ƙofa ta daina rufuwa daidai kar kowa ya kwana ɗakin. Wuta kuma a kashe daga mita har soket ya bushe, janareta waje nesa da taga. A riƙa kakkaɓe takalmi da tabarma saboda kunama da maciji.

Hajiya Babba: 'Yata zancen yarinyar nan ne ya taɓa ni. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 jikana yana can, wata biyu in hadari ya haɗo ƙarƙashin gado yake shigewa. Kar ki yi mata faɗan fitsarin, kar ki bari yayyenta su yi mata dariya, ba da gangan take ba. Ki kwana da ita, ki tofa mata Falaƙi da Nasi, in ta tambaya ko ruwan zai dawo kar ki ce mata ƙarya, ki nuna mata inda za ku nufa in ya zo. Ta koma islamiyya da wasanta da wuri, shi ya dawo da namu. Ke ma ki ci ko kunu ne, ki samu wadda za ki zauna ki faɗa mata har kuka in ya zo.

Anti Nas: Gaskiya ne Hajiya. In an wuce wata guda abin bai ragu ba ku ga likita, ke da ita, ba abin kunya ba ne. Gidan sauro ma kar a manta, kududdufan nan sati biyu sauro zai cika gari.

Maman Biyu: Wallahi har na yi hawaye, jiya ma sai da na daka mata tsawa. Na gode ƙwarai. Gidan sauron namu ruwa ya tafi da shi.

Baban Khalifa: Akwai biyu a gidana ba a buɗe ba, da jarka. Bayan la'asar zan turo yaro, ki yi mani kwatance.