Me ya sa mutanen Atina suka fifita ƙuri'ar sa'a a kan zaɓe?

Ɗalibi daga Katsina:
Assalamu alaikum, malamai. Ina karanta tarihin birnin Atina na ƙasar Girka, inda ake cewa can ne aka haifi dimokuraɗiyya, sai na ci karo da abin da ya ɗaure mini kai. Ashe yawancin muƙamansu ba zaɓe ake yi ba, ƙuri'a ake jefawa irin ta rabon kaya, wanda ta faɗa wa shi ke nan. Ta yaya za a kira wannan mulkin jama'a, alhali jama'ar ba su tantance wanda suke so ba?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. A ganinsu, zaɓe yakan faɗa hannun mai dukiya, ko ɗan babban gida, ko mai iya baki, ita kuwa ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba. Aristotal, masanin falsafar Girka, ma ya ce ƙuri'a ce hanyar dimokuraɗiyya, zaɓe kuma na mulkin 'yan tsiraru ne. Tushen tsarin shi ne gyaran da Kilistenis, wani jagoran siyasar Atina, ya yi a wajen shekara ta 508 kafin Miladiyya, lokacin da ya raba jama'a ƙabilu 10, kowace ta haɗa mutanen birni da na bakin teku da na karkara, domin ya karya ƙarfin manyan gidaje. Kowace ƙabila tana ba da mutum 50 ga majalisar mutum 500, kuma da tsarin ya kankama, ƙuri'a ce ke fitar da su, su yi shekara guda. Amma babbar magana tana hannun taron 'yan ƙasa a kan tudun Finikis, inda manomi da maƙeri suke ɗaga hannu da kansu a kan yaƙi da sulhu. Janarori 10 kuwa zaɓensu ake yi, domin ba a jagorantar yaƙi da sa'a, shi ya sa Perikilis, fitaccen jagoran Atina, ya yi ta dawowa kan muƙamin janar shekara bayan shekara.

Malama daga Zariya:
Allah ya ƙara ilimi, Malam, sai dai abin da ke ci mini rai shi ne waɗanda ba a sa sunansu a ƙuri'ar ba tun farko: mata, da bayi, da baƙin da suka tsufa a garin suna biyan haraji. A shekara ta 451 kafin Miladiyya ma Perikilis ya ƙara tsuke ƙofar zama ɗan ƙasa, sai wanda uwarsa da ubansa duk 'yan Atina ne.

Ɗalibi daga Katsina:
Na gode ƙwarai. To Malam, idan ƙuri'ar ta faɗa wa maciyin amana fa?

Malamin Tarihi:
Sun yi tanadin hakan. Kafin mutum ya kama aiki sai an tsayar da shi an tambaye shi asalinsa, da yadda yake riƙe iyayensa, da ko yana biyan haraji, da ko ya yi aikin soja. Idan wa'adinsa ya cika kuma, ba ya barin gari sai ya ba da lissafin kuɗin da suka bi ta hannunsa, kuma kowane ɗan ƙasa yana da damar shigar da ƙara a kansa.